Tsinke Goma Sha Tara a Rumbun Gwaggo Hajo

Tun da na dawo daga Nijar an hana ni shan shayi cikin kwanciyar hankali. Duk majalisar da na zauna sai wani ya matso ya ce, "Malam Kabiru, wai me ka gano a can ne? Ka tafi da surutunka, ka dawo kamar an ɗaure maka baki." Na gaji da ba da labarin guntu-guntu, kowa ya ɗauki nasa ya ƙara masa gishiri. Shekaranjiya har na ji ana cewa wai aljana na auro a Tasawa. To ga shi nan a rubuce, wanda ya sake tambayata takarda zan miƙa masa.

Ga wanda bai san ni ba, ni ne mai kula da tsofaffin littattafan rubutun hannu a laburaren jami'armu, shekara ashirin da biyu ke nan. Ina da girman kai a kan aikina, wannan ba sai an gaya mini ba. Duk wanda ya lashi yatsa zai buɗe shafi a gabana, ko farfesa ne, sai ya ji babu daɗi.

Bara wani attajiri, Alhaji Lawali, ya gina mana ɗaki na musamman don irin waɗannan littattafai. Aka sa na'urar sanyaya ɗaki, aka jera kabad na gilashi, aka kafa allo a ƙofa da sunan kakansa. Kakan nan babban malami ne a wani ƙauye kusa da garin da ake kira Sarkin Hausa, cikin ƙasar Mayahi, kuma Alhaji ya yi alkawari littattafansa ne za su fara shiga ɗakin. Aka gama gini, aka yi fenti, ɗaki ya zauna fayau. Littattafan suna hannun ƙanwar mahaifinsa, Gwaggo Hajo. Sau biyu yana aikawa, tana dama wa 'yan aiken fura tana sallamarsu hannu rabbana.

Wannan karon da kansa ya zo ofishina. Ya ce ɗanta Malam Habu, wanda yake kula da littattafan, ya rasu da ranin nan. Rumbun da suke ciki kuma ya tsage tun daga wuya har gindi, ga damina ta ƙarato.

"Ruwa ɗaya mai ƙarfi, Malam, sun zama kunu," in ji shi. "Ni na bar garin nan ina ɗan shekara goma sha biyu, ba ta jin maganata. Kai ka san Larabci, ka san darajarsu. Je ka gwada."

Na ce ya kwantar da hankalinsa, tsohuwa ɗaya ba za ta gagare ni ba. Allah ya yafe mini wannan baki nawa.

Na tashi daga Katsina da sassafe da kayan aiki: kwalaye dogaye masu murfi guda goma sha biyu, burushi mai laushi, safar hannu, da bandir guda na farin yadi da muke naɗe littafi da shi. Yadin nan shi ya fara jawo mini magana. Direba yana ɗaure kaya leda ta yage, farin ya leƙo. Wata dattijuwa da ke kusa da ni ta dubi yadin, ta dubi kwalayen, ta ja jiki ta manne da ƙofa. Can ta ce, "Allah ya jiƙansu. Su nawa ne?" Na ce littattafai zan ɗauko. Ta ce, "To," irin to ɗin da ake ce wa mai taɓin hankali. Har muka kai iyaka babu wanda ya yi hira a motar nan, ko rediyo direba bai kunna ba.

A ɓangaren Nijar wani jami'i dogo ya sa aka sauke kwalayen, ya buɗe su ɗaya bayan ɗaya. Babu komai a ciki, kuma wannan ya fi damunsa fiye da a ce ya sami kaya.

"Mushe, wa ke shigowa ƙasa da kwali wohi?"

Mushe suke kiran malamin boko da duk mai wando da tabarau, girmamawa ce, amma kun san abin da muke kira mushe a nan, sai da na haɗiye yawu kafin na amsa. Na miƙa masa takardun izinin da Alhaji ya nemo daga ƙasashen biyu. Ya karanta ta Faransanci a tsanake, ya buga hatimi, ya ce, "Littahin mutanen dauri ba shi son tahiya. Amma Allah shi ba da sa'a." Na yi dariya, shi bai yi ba.

A Maraɗi na canja mota, na isa Tasawa da la'asar sakaliya. Na sauka gidan wani abokin Alhaji mai fataucin gyaɗa, shi ne zai haɗa ni da mai kai ni ƙauyen. Mutanen can akwai karamci, sai dai gaisuwarsu ba ta ƙarewa; kana cewa an gama sai a sake ɗauko ta daga ina gajiya. Burodinsu dogo ne kamar sanda, da tauri kamar sanda. Shayi kuwa a 'yan mitsi-mitsin kofuna ake ba ka, sau uku, in ka tashi bayan na farko ka yi rashin ladabi. Man mota isansi ne, makarantar boko lakwal. Ni da nake ganin Hausa a bakina aka yanke mata cibiya, sai ga yara suna dariyar yadda nake cusa Turanci a magana.

Bayan magariba aka kawo tuwon gero da miyar kuka ta sha man shanu. Muna ci mai masaukina ya tambayi gidan wa za ni a ƙauyen. Da na faɗa sai ya tsaya da loma a hannu.

"Malaman gidan ga sun ƙare," ya ce, "amma har yau ba a ɗaga murya in an zo wucewa."

Na ce saboda me? Ya turo mini kwano ya ce in ƙara tuwo. A ɗakin ajiyar gyaɗa aka yi mini shimfiɗa, da safe na tarar ɓeraye sun ci kusurwar kwali ɗaya. Na yi ta mita, matar gidan tana ba ni haƙuri daga bayan labule tana danne dariya.

Daga Tasawa a-kori-kura ce ta ɗauke mu a jar hanya wajen Mayahi, ni da awaki huɗu da buhunan gishiri. A wata 'yar kasuwa na sauka, na tarar da Issufu yana jirana da amalanken jaki. Magidanci ne, maƙwabcin Gwaggo Hajo, kuma Allah ya ba shi baki. A hanya ya nuna mini gonakin da aka yi binne, wato shuka a busasshen rairayi a zauna jiran ruwa, ya ba ni labarin jakinsa tun daga kakar jakin. Zafin bazara kamar a tafasa mutum, can gabas kuma sama ta ɗan yi duhu. Amma muna hango rufin ƙauyen bakinsa ya mutu. Ya sauka daga amalanken ya kama jakin da hannu, ya ci gaba da tafiya a hankali kamar mai shiga ɗakin mara lafiya.

Rana tsaka muka shiga garin. Mazan duk sun tafi cirani ba su dawo ba, sai tsofaffi da mata. Ban ji daka ba, ban ji kukan yaro ba, ko kare bai yi mana haushi ba. A ƙofar gidan akwai wani babban zaure na ƙasa. Na leƙa na ga an share shi tas, an shimfiɗa tabarmi a jere, ga buta cike da ruwa a bakin ƙofa, ga buzun malami a mazauninsa. Babu kowa a ciki.

"Wa ke karatu a nan?" na tambaya.

"Ba kowa," Issufu ya ce ƙasa-ƙasa. "Tana sharewa dai kullum."

Gwaggo Hajo 'yar ƙaramar tsohuwa ce, idanunta sun yi fari, gani sai dishi-dishi, amma kunnenta ya fi na kowa. Tun kafin in yi sallama ta ce, "Baƙon Lawali, takalminka na kuka." Na durƙusa na gaishe ta, na yi mata ta'aziyyar ɗanta. Ta amsa ba tare da ta ambaci sunansa ba. Ɗan fari ne, kuma irin matan da ne da ba sa kiran sunan ɗan fari har su koma ga Allah. "Wancan" take ce masa. Ta kama hannuwana ta shafa tafin ta shafa yatsun.

"Hannun ga bai taɓa riƙon hauya ba," ta ce. "Ban ce na ba ka ba, ɗan nan. Amma lokacin shanya ya yi, mai yi kuwa babu shi. Gobe ka hiddo su su sha iska, in ga irin hannunka."

Na gane jarrabawa ce, na kuma yi murna, don a nan ne na fi kowa.

Da hantsi ta ja ni bayan gida. Rumbun ƙasa ne babba a kan duwatsu, an zaɓe shi ne don gudun gara, da 'yar ƙofa a gefe. Tsagar da Alhaji ya faɗa tana nan, hannuna zai shige ta. Gwaggo ta tsaya a bakin ƙofar ta yi sallama, cikakkiyar sallama irin wadda ake yi wa manya. Sannan ta yi shiru ta karkata kai, daidai tsawon lokacin da mutum zai amsa. Sai ta ce, "To, shiga." Na dubi Issufu ko zai taya ni. Ya ce shi bayansa na ciwo, alhali jiya a gabana ya ɗaga kwalaye shida a kai.

Na rarrafa na shiga. Duk zafin da ake yi a waje, cikin rumbun nan sanyi ne, da ƙamshin tsohuwar fata da hayaƙi. Da idona ya saba da duhun sai na ga gafakoki, jakunkunan fata na littafi, sun fi arba'in, a rataye a sama suna reto kamar jemagu. Babu iska a ciki. Na gaya wa kaina ni ne na girgiza rumbun da na shigo, amma tsigar jikina ba ta yarda ba. Na riƙa saukowa da su ɗaya-ɗaya ina miƙa wa Gwaggo, ita kuma tana karɓar kowanne da hannu biyu.

Muka jera su a zaure, a inuwa. Sai aka aiko an yi haihuwa a gidan ƙanwar Issufu, ita da shi suka tafi barka. Da za ta fita ta ce in kula da iska, don littattafan nan ba ɗinkakku ba ne, falle-falle suke tsakanin bango biyu na fata, a ɗaure da tsirkiya. Na ce, "Gwaggo, aikina ke nan tun kafin in yi gemu."

Na sa safar hannu na ɗauki burushi. Kai, ranar na ga dukiya! Fiƙihu, nahawu, tafsiri, waƙoƙin wa'azi da ajami, tawada baƙa da ja kamar jiya aka rubuta. Sai dai wani abu ya ɓata mini rai. A cikin wasu littattafan akwai tsinkaye, 'yan tsage-tsagen karan gero, an cusa su tsakanin fallaye, kawunansu sun leƙo waje. Duk wanda ya koyi aikinmu ya san darasin farko: ba a barin komai a cikin littafi. Tsinke yana huda takarda, yana barin tabo, yana kiran ƙwaro. Na yi tsaki na ce ka ga aikin mutanen ƙauye. Na riƙa zarewa ina zubawa a wata 'yar ƙwarya da na gani a gefe. Na lura wani an yi masa tsaga biyu, wani uku, wani an naɗa masa zare ja ko baƙi, amma ban tsaya tunani ba. Kafin azahar na share littafi tara tas, ƙwarya ta tara tsinke goma sha tara. Har ina Allah-Allah ta dawo ta yaba mini.

Ta dawo, Issufu yana bayanta. Ta zauna a tabarma ta jawo littafi na farko, ta bi gefensa da yatsa. Ta sake bi. Ta jawo na biyu, ta jawo na uku, hannunta yana ƙara sauri. A na tara ta tsaya.

"Ɗan nan," ta ce a hankali, "ina ka kai su?"

Na miƙa mata ƙwaryar, har da bayanin illar tsinke ga takarda. Ban kai ƙarshe ba na ga Issufu ya dafe kai da hannu biyu yana salati. Gwaggo ba ta yi faɗa ba, da ta yi da na fi jin sauƙi. Ta rungume ƙwaryar a cinya. Ban san yadda labari ya fita ba, amma da na ɗaga kai sai na ga mata sun cika ƙofar zauren, tsofaffi da masu goyo, duk ni suke kallo.

Issufu ne ya ja ni waje ya yi mini bayani. A gidan nan, tun zamanin kakan Alhaji, in ɗalibi ko malami ya rasu bai sauke littafin da yake karantawa ba, ba a cire tsinkensa. Ana barinsa daidai inda ya tsaya. Kowace shekara ranar shanya, malamin gidan zai buɗe wurin, ya kira sunan mamacin da na ubansa da ƙarfi, ya karanta masa falle ɗaya, ya matsar da tsinken gaba. Falle ɗaya tak, ba a ƙarawa. Ran da littafi ya ƙare sai a ce wane ya sauke, a yi masa addu'a, a binne tsinken, daga nan ba a sake kiran sunansa a zauren. Gwaggo ta san mai kowane tsinke da taɓawa, ta san littafinsa, amma ba ta karatu. Inda kowa ya tsaya, tsinken ne kaɗai ya sani.

"Mutum goma sha tara, Mushe," ya ce. "Ka tashe su daga mazauninsu."

Na san akwai malaman da za su ce wannan al'ada ba ta da tushe, ni ma da a ofis aka ba ni labari da na taɓe baki. Amma a tsakar ranar nan, a garin da ko kaza ba ta kuka, ban iya taɓe baki ba. Kunya ta rufe ni, tsoro kuma ya biyo bayanta. Na tabbata littattafan nan sun fi ƙarfina, za su koma rumbu ruwa ya cinye su, kuma ni ne sanadi.

Ban iya cin abinci ba. Da la'asar na koma zauren na buɗe littafi ɗaya, don kawai in rasa abin yi da hannuna. Rana ta karkata, haskenta ya shigo ta ƙofa a kwance, sai na ga wani siririn layi a jikin takardar, ɗan lotsawa mai launin ƙasa. Na buɗe falle na gaba, ga shi nan. Na gaba ma haka. Tabon nan da nake zagi, shi ne sawun tsinken: shekara guda yana kwance a matse, dole ya bar alama. In na bi sawun har inda ya ƙare, na sami inda mai shi ya tsaya.

Na je na durƙusa gaban Gwaggo na gaya mata. Ta ce, "Gwada."

Kwana uku muka yi a kai, safe da la'asar, lokacin da haske yake kwanciya. Ita ta ɗauki tsinke ta shafa ta ce na wane ne, littafi kaza. Ni in karkata fallaye ga rana in bi sawu. Inda tsinke biyu ko uku suka haɗu a littafi ɗaya sai in gwada faɗin kowanne da tabonsa. Wani sawun falle huɗu ne, wani ashirin. Akwai wanda na bi har falle sittin da ɗaya, ina buɗewa ina jin kamar shekarun ne suke wucewa ta cikin yatsuna. Mutumin ya rasu tun ba a haife ni ba, kuma har bara ana kiran sunansa a ɗakin nan. Duk wanda na mayar sai Gwaggo ta dafa littafin ta ce, "Koma mazauninka, Malam wane, a yi haƙuri, baƙo ne." Tun ina jin abin banbaraƙwai har na tsinci kaina ina cewa amin. Kullum kuma hadari yana ƙara haɗuwa a gabas, iska tana taso da ƙamshin ruwan da aka yi a wani gari.

Ran na uku da hantsi saura tsinke ɗaya a ƙwarya. Sabo ne, ko duhu bai yi ba, an naɗa masa zaren da aka zare daga bakin zane. Ta riƙe shi ta daɗe.

"Na wancan ne," ta ce, ta turo mini wani babban littafin fiƙihu.

Na bi littafin nan falle-falle, daga farko har ƙarshe, sau biyu. Falle ɗari da tamanin ne. Na karkata shi ga rana, na shafa da yatsa ba safar hannu, na sa tabarau na cire. Babu komai. Wata uku kacal tsinken ya yi a ciki, bai kai ga barin sawu ba. Na so in nuna wani wuri in ce nan ne, wallahi na so, ba mai ganewa. Amma na kasa.

"Gwaggo, na ɓatar da shi," na ce. "Ban same shi ba."

Na jira kuka ko tsinuwa. Sai ta ce, "Ka iya karatun da baki, ko da ido kaɗai ka iya?" Na ce na iya. Ta ce to bana ba a yi wa kowa nasa ba, in zauna a buzu in yi.

Na cire takalmi na hau buzun malamin. Mata suka dawo suka tsaya a ƙofa, Issufu ya zauna a dokin ƙofa. Tana faɗa mini suna, ina ɗaga murya ina kira, ina karanta falle ɗaya, ina matsar da tsinke. Muryata tana dawo mini daga bangon zauren, tabarmin nan a jere a gabana babu kowa a kai, amma ban iya ɗaga ido na dube su ba. Mutum goma sha takwas na yi wa. Da muka zo kan babban littafin ta miƙo mini sabon tsinken.

"Wancan shi koma bisimilla," ta ce. "Tun da ba a san inda ya tsaya ba, shi faro daga farko."

Sunan kuwa ba ta faɗa ba, Issufu ne ya raɗa mini. Na ce da ƙarfi, "Habu ɗan Malam Isa."

Ta ja mayafi ta rufe fuska. Can daga cikin mayafin ta ce, "Ƙara hwaɗi, ban jiya ba." Matar da take jin kukan takalmi daga ƙofar gida. Na sake kira, sannan na karanta masa fallen farko.

Da na gama ta share fuska ta ce in kawo kwalayena. Ta ce mutanen Lawali na farko da na biyu sun yi ta ba ta labarin gilashi da sanyi, da yadda ba mai taɓa littafi, shi ya sa ta kore su. Ita mai taɓawa take nema.

"Ka ɗauke su duka. Amma kowace shekara kahin ruwa shi sauka, ka kira kowa da sunanshi, ka yi mashi falle guda. Kak ka yi biyu, in ka yi biyu korarsu ka yi. Wancan kuwa kai ka ɓadda shi, kai za ka kai shi. Ka ɗauka?"

Na ce na ɗauka. Ta ce in faɗa sau uku gaban mutane, na faɗa.

Muka naɗe su, muka lulluɓe amalanken da leda, muka fito da azahar sama ta yi baƙi ƙirin. Ba ta rako mu ba. Na waiwaya na hange ta a ƙofar zauren tana naɗe tabarmi ɗaya bayan ɗaya. Mun yi nisa iska ta taso, yayyafi ya fara, Issufu yana ta yi wa jaki magiya. Sai da muka hango rumfunan kasuwar da zan hau mota sannan ya yi gyaran murya.

"Mushe, in gaya maka wani abu? Malam Habu saura kaɗan shi sauke littahin ga. Duk garin an sani. Da bakinshi ya ce falle biyar sunka rage mashi, har Gwaggo ta aje gero na sadakar sauka."

Na ce, "To me ya hana ta faɗa? Ai da na ƙirgo biyar daga ƙarshe!"

Ya dube ni kamar yadda ake duban yaro. "Shekara biyar ke nan a bar kiran sunanshi. Ita ko sau ɗaya ba ta taɓa kira ba."

Na hau mota na koma Tasawa. A can na ji an yi ruwa kamar da bakin ƙwarya a ƙasar Mayahi, bayan kwana biyu kuma Issufu ya bugo waya ya ce rumbun ya zube.

Littattafan suna ɗakin Alhaji yanzu, cikin gilashi da sanyi. Shugabar laburarenmu ta ga tsinkaye sun leƙo ta ce a cire, na ce sai dai a fara cire ni. Muka yi ta ja har ta gaji ta ƙyale ni da haukata. Ban ji haushin Gwaggo Hajo ba, ko kaɗan, tausayinta nake ji har yanzu in na tuna. Amma ta ɗaure ni ɗaurin da ba zan iya kwancewa ba, kuma ta san abin da take yi. Sauran goma sha takwas ɗin, in Allah ya ba ni rai, zan ga saukar da yawansu. Habu kuwa falle ɗaya ya yi, saura ɗari da saba'in da tara, ni kuma shekarata hamsin da uku. Na soma duba ɗaliban da ke shigowa ɗakin, ina neman mai ƙananan shekaru da hannu mai sanyi, wanda zai iya kiran sunan mutumin da bai taɓa gani ba, ya kuma nemo wani a bayansa.